Rigar Barcelona orijinal da na siya

Na daɗe ina sa kwafi, bana dai na daure na siyi orijinal ta Nike, kuma gaskiya bambancin a fili yake. Yadin ba nauyi, yana shan zufa, na buga ƙwallo da ita na wanke ya fi sau goma kalar bata koɗe ba. Iri biyu ce, ta magoya baya da wadda 'yan wasa ke sawa, ta 'yan wasan tafi tsada kuma tana kama jiki, ni ta magoya baya na ɗauka.

Ƙirjin rigar ne yafi sa ni tunani, kulob ɗin nan sama da shekara 100 ba talla a gaban rigarsu, sai 2006 suka sa UNICEF kuma a lokacin kulob ɗin ne ma yake ba UNICEF kuɗi, 2011 Qatar Foundation ta shigo, tun 2022 kuma Spotify ne, manhajar jin waƙa, har sunan filin wasansu Camp Nou ya haɗa. Wato ka biya kuɗinka kana yawo kana musu talla, amma da irin kuɗin nan ake biyan albashin 'yan wasa shi yasa abin bai dame ni ba. In zaka siya ka gwada saiz ɗinka tukuna.