Shafin INEC na canjin rumfar zaɓe: yana aiki, amma sai da tattaki

Da yawa daga cikin 'yan Arewa da ke Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas katin zaɓensu na Kano ne ko Katsina ko Sakkwato. Ranar zaɓe kuwa ana hana zirga-zirga, sai katin ya kwana a aljihu. Shafin intanet na rajista na hukumar zaɓe ta INEC, wanda ya fara aiki a 2021, wannan matsalar yake ragewa.

Za ka buɗe asusu, ka zaɓi canjin wurin zaɓe, ka cike bayanan da ke kan katinka, sannan ka zaɓi jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa da rumfa. Kyauta ne, mai shagon intanet ladan aikinsa kawai zai karɓa. Inda ake tuntuɓe shi ne rumfa. Mutum ya zaɓi sunan da ya yi kama da na unguwarsa, ashe tana da nisa, kuma ranar ba mota ba okada. Tambayi maƙwabcinka sunan tasa rumfar kafin ka danna.

Raunin shafin: sabon katin sai ka je ofishin hukumar da kanka ka karɓa, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta rufe rajista kwana 90 kafin zaɓe.

A Amurka kusan rabin masu haƙƙin zaɓe sun fito a zaɓen 'yan majalisa na tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa na 2018, saboda zafin siyasar Trump da damar jefa ƙuri'a tun kafin ranar ko ta gidan waya. Mu nan kusancin rumfa ne kaɗai sauƙinmu, musamman a zaɓen ƙananan hukumomin Legas da ba kowa ke fita ba.