Hattara da dillalan bogi masu tallar aikin jinya na ci-rani a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, na nan Amurka da masu shirin shigowa. Sai da na nemi izinin wadda aka damfara kafin na rubuta wannan. Ta ce in faɗa amma kada in kama suna, to ba zan kama ba.

Shekara shida ke nan ina aikin jinya na ci-rani, wato irin wanda kamfani ke ɗaukar nas ya tura ta asibitin da ke fama da ƙarancin ma'aikata, ta yi mako 13, in an ga dama a sabunta, in ba haka ba ta naɗe kayanta ta yi gaba. Aiki ne na halal kuma akwai rufin asiri a ciki. Sai dai tun lokacin korona, da kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021 har labarin ya cika ko'ina, 'yan damfara suka shinshino maiƙo. Kuɗin ya fara saukowa tun 2022, amma su har yau da tsohon farashin suke kafa tarko, domin sun san sabuwar nas labarin kawai ta ji.

Wata ƙanwata da muka yi aiki tare a Teksas, watanta takwas kacal da fara aiki bayan ta ci jarrabawar NCLEX ta samun lasisin jinya, ta kira ni da daddare muryarta har rawa take don murna.

"Anti, na samu! Kalifoniya, sashen kulawa ta musamman, dala 6,000 a mako. Litinin ta sama zan fara."

Na ce masha Allah, wane kamfani ne? Ta faɗi sunan wani babba da kowa ya sani, ni kaina na taɓa yi musu aiki. Na ce to ƙanwata, da wane lasisi za ki shiga Kalifoniya? Ta ce ai nata na Teksas na haɗaka ne, kuma dillaliyar ta ce yana aiki a ko'ina. Nan gabana ya faɗi.

Ga wanda bai sani ba, akwai yarjejeniya tsakanin jihohi da yankuna sama da 40 wadda ta ba nas damar aiki a cikinsu da lasisi ɗaya, in dai jihar da take zaune tana cikin yarjejeniyar. Teksas tana ciki. Kalifoniya ba ta ciki. Mai son aiki a can dole ta nemi lasisin jihar daga hukumar jinya ta Kalifoniya, a ɗauki zanen yatsunta, ta jira makonni. Duk dillalin gaskiya ya san wannan kamar yadda ya san sunansa, don abincinsa ke nan. Ba a banza kuma 'yan damfara ke yawan ɗaura Kalifoniya a bakin ƙugiya ba: tun 2004 dokar jihar ta ƙayyade yawan majinyatan da za a ba nas ɗaya, a yanzu biyu a sashen kulawa ta musamman, biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. Wadda ta taɓa kwana tana zarya tsakanin gadaje bakwai ita kaɗai ta san me ya sa kowa ke mafarkin wurin.

Abu na biyu da ya tsaya mini a rai, wata takwas. Kamfanonin gaskiya kan nemi aƙalla shekara ɗaya a fannin da za ki yi aikin, asibitoci da yawa ma biyu suke so. Ba mugunta ba ce. 'Yar ci-rani yini ɗaya ko biyu ake zagawa da ita, a nuna mata ma'ajiyar magani da yadda kwamfutarsu ke aiki, shi ke nan a miƙa mata majinyata. Ita ko ƙanwar tawa ba ta taɓa duti ko ɗaya a sashen kulawa ta musamman ba. Wa zai ba ta mutumin da ke kan na'urar numfashi?

Na ce ta kwashe labarin daga farko. Talla ta gani a wani zauren nas-nas na Facebook. Ta aika saƙo, cikin minti kaɗan aka amsa, aka ce su koma WhatsApp "don sauri". Ganawar neman aikin duk a rubuce aka yi ta, tambaya biyar, ba ta ji muryar kowa ba, balle manajan sashen. Kafin awa biyu takardar ɗauka aiki ta shigo imel ɗinta, da tambarin kamfani da sa hannu, tsaf da ita. Da na ce ta karanto mini adireshin imel ɗin harafi-harafi, sai ga harafi ɗaya an ninka a tsakiyar sunan kamfanin. Ido ba zai kama ba sai an nutsu.

Daga nan aka fara tatsa, a hankali. Dala 350 na binciken tarihinta da gwajin ƙwaya, "za a mayar miki a albashin farko". Ta tura. Washegari dillaliyar ta ce ta samo mata gida kusa da asibitin, amma akwai wasu nas-nas biyu da ke nema, sai ta hanzarta. Aka turo hotuna: falo mai haske, gado a gyare, kicin da wata buta mai ruwan ɗorawa a kan murhu. Mai gidan wai yana ƙasar waje wurin aiki, ba zai samu nuna mata ba, makulli na cikin akwati mai lamba a bakin ƙofa, da ta biya kafin alƙalami zai turo lambar. Dala 1,800 ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki ta waya. Ta tura wannan ma. Ranar da ta kira ni, ana shirin aiko mata cek na dala 4,500 wai ta sayi kwamfutar aiki daga wani "mai kawo musu kaya", ta tura masa kuɗin. Ku ji fa, nas mai aikin gefen gado, da kwamfutar da za ta sayo da kanta! Wannan tsohuwar dabara ce: banki kan sakar miki kuɗin cek cikin kwana kaɗan, amma gano cewa na bogi ne kan ɗauki makonni, kuma ranar da aka gano, ke za a bi bashin abin da kika riga kika tura.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne hanyar da kuɗi ke bi a wannan sana'a. Asibiti ne ke biyan kamfani a kan kowace awa da kika yi, kamfani ya cire nasa, ya biya ki. Ke ce hajar, shi ya sa dillali ke binki da kira har ki gaji. A shekara shida ban taɓa ba dillali ko sisi ba. Gwajin ƙwaya, binciken tarihi, gwajin tarin fuka, su ke turo takardar ɗakin gwajin da zan je, su ke biya. Abin da kan fita daga aljihuna shi ne kuɗin lasisin wata jiha, wanda nake biyan hukumar jihar kai tsaye a shafinta, da sabunta katin BLS ko ACLS, na horon ceton rai, a wurin masu koyarwa, kuma sau da yawa kamfani kan mayar mini in na kawo rasit. Duk ranar da aka ce ki tura kuɗi asusun wani mutum, ko ta Zelle, ko Cash App, ko katin kyauta, ko kirifto, kafin ki taka ƙofar asibitin, to ba aiki ake ba ki ba.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne gaggawar ba duka ƙarya ba ce. A wannan aiki da gaske gurbi kan fito da safe ya cike kafin la'asar, kuma dillalan gaskiya ma kan turo saƙon waya su ce a hanzarta. Ɓarawon a cikin wannan rigar yake shigowa. Don haka ban ga laifin ƙanwata ba, kuma duk mai cewa kwaɗayi ne ya ja ta, bai san nauyin bashin makarantar da ke kanta ba.

Da gari ya waye na sa ta nemo lambar kamfanin da kanta daga shafinsu na ainihi, ba wadda ke cikin takardar ba. Aka ce ƙwarai suna da ma'aikaciya mai wannan suna. Aka haɗa su. Matar ta ce ba ta taɓa jin sunanta ba, kuma ba ita ce ta farko da ta kira a watan ba: an ɗauki sunanta da hotonta ana cin kasuwa da su. Saboda haka ganin sunan dillali a intanet bai wadatar ba. Sai kin kira ta layin da ke kika nemo, kin ji muryar mutum. Muka kira ofishin ɗaukar ma'aikata na asibitin, suka ce babu wannan gurbi.

Kuɗin bai dawo ba. Banki ya ce ita ta tura da hannunta, kuma tura kuɗi ta Zelle tamkar miƙa tsaba ne. Amma ni ba dala 2,150 ɗin ce ta hana ni barci ba, takardun ne. Ta riga ta tura musu lambar SSN ɗinta (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji), hoton lasisin tuƙi gaba da baya, lambar lasisin jinya, da lambar asusun banki wai don albashi. Da waɗannan za a iya cin bashi da sunanta, a cike takardar haraji a karɓi rarar kuɗinta, ko wata ta nemi aiki da lasisinta. A ranar muka kulle tarihin bashinta a Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, abin da doka ta mayar kyauta tun 2018. Ta rufe asusun ta buɗe wani. Ta kai ƙara hukumar FTC mai kare masu sayayya da cibiyar IC3 ta FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet, ta nemi lambar sirri ta kariya daga hukumar haraji ta IRS, ta kuma yi rajista da Nursys, rumbun bayanan lasisin nas-nas, don a sanar da ita duk wani motsi a kan lasisinta. Kamfanin gaskiya ma zai nemi waɗannan takardu, amma bayan kun yi magana baki da baki, kuma a shafinsu mai tsaro, ba a hoton WhatsApp ba.

Wata alamar da sababbi ba sa lura da ita: dunƙulallen adadi. Dillalin gaskiya zai warware miki kuɗin, ga na awa wanda ake cire wa haraji, ga alawus ɗin gida, ga na abinci, ga awannin da aka lamunce, galibi 36 a mako, duti uku na awa 12. Alawus ɗin ma yana da iyaka, ana auna shi da farashin da hukumar GSA ta gwamnatin tarayya ke fitarwa na kowane gari, kuma ba ya kuɓuta daga haraji sai in da gaske kina riƙe da gida a inda kike zaune kina kuma biyan wani a inda kika je. Ƙanwata ta tambayi yadda aka kasa dala 6,000 ɗin, aka ce "komai na ciki". In faɗi gaskiya, kamfanonin ainihi ma ba waliyyai ba ne. An soke wa mutane kwantiragi suna kan hanya, an rage wa wasu kuɗi a tsakiyar aiki, musamman a 2022. Wannan matsala ce ta karanta kwantiragi da kyau, zancenta daban.

Ku da ke wajen Amurka, ku aka fi hari. Babu wata biza mai suna bizar nas 'yar ci-rani, kuma bizar ziyara ba ta halatta aiki ba. Hanyar da aka sani doguwa ce: tantance takardun karatu, jarrabawar NCLEX wadda kuɗin rajistarta dala 200 ne, da ƙarin 150 ga mai zama a cibiyar da ke wajen ƙasar, lasisin wata jiha, takardar tantancewa ta VisaScreen daga TruMerit (wadda a da ake kira CGFNS), sannan mai ɗauka aiki ya shigar miki da takardun zama na dindindin a rukunin EB-3, a shiga layi. Bayan kin iso ma sai kin yi aiki a asibiti ɗaya kin goge kafin a yi zancen ci-rani. Wanda ya ce zai taƙaita miki wannan a wata biyu, ko zai "shirya" miki takarda, ki tuna Janairun 2023, lokacin da hukumomin tarayya suka gurfanar da mutum 25 kan sayar da shaidar karatun jinya ta bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu uku a Filorida. Jihohi sun bi masu takardun suna ƙwace lasisi, har waɗanda suka ci jarrabawa suka fara aiki.

Zancen gida kuwa, ga yadda nake yi. Makon farko a otal nake sauka, ko da ya fi tsada, sai na ga asibitin ya karɓe ni na kuma ga gidan da idona. In dole sai na kama daga nesa, mai gidan zai kira ni ta bidiyo yana cikin ɗakin, in ce ya buɗe famfo, ya leƙa da wayar ta taga in ga titi, ya fita ya nuna mini lambar gidan. Na taɓa samun wanda ya ce kyamararsa ta lalace, na ce Allah ya sawwaƙe, na kashe. Nakan saka hotunan a Google in ga ko daga tallar wani gida aka kwaso su, kuma a yawancin gundumomi ana iya duba sunan mai gida a bayanan harajin filaye kyauta. Haya kuma wata-wata nake yi, don kwantiragi na iya mutuwa ya bar ki da gida a garin da ba ki san kowa ba.

Ƙanwata tana nan a asibitinta, ta nemi a mayar da ita sashen da take so, tana ƙirga watanni. Makon jiya ta turo mini hoton wata talla da ta sake gani a zauren nan. An canza sunan dillaliya, an canza kamfani, aikin wai a Arizona yake yanzu. Ta bi ta tambayi gida don ta gani. Aka turo mata falo mai haske, da gado a gyare, da butar nan mai ruwan ɗorawa a kan murhu.