Sauya madabod ba tare da goge Windows ba: yadda abin yake a Jamus

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in bayyana muku yadda ake sauya madabod ɗin kwamfutar tebur, wato babban allon da ake haɗa sauran kayan cikinta a kai, a nan Jamus, musamman ga wanda yake son ya ci gaba da Windows ɗinsa da manhajojinsa kamar yadda suke. Maganar ta yi yawa a nan tun da Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, alhali Windows 11 ba ya hawa sai a kan allon da ke da TPM 2.0 (ɓangaren tsaro mai adana mabuɗan sirri) da UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta).

Ta fuskar kaya, mai saye a nan yana cikin rufin asiri. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi abu ta intanet kwana 14 ya mayar da shi ba tare da faɗin dalili ba, sannan mai sayarwa yana ɗauke da alhakin aibin da kayan suka zo da shi har shekara 2. Wannan dama tana da amfani ƙwarai, domin madabod ba ya tafiya shi kaɗai. Soket (mazaunin furosesa a kan allo) na AM5 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2022, ba ya karɓar RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) sai nau'in DDR5, yayin da allunan LGA1700 na Intel wasu DDR4 suke ɗauka, wasu DDR5, don haka wanda ya yi oda cikin gaggawa yana iya tarar da kayansa sun ƙi zama da juna. Abin da ba a cika yafewa ba shi ne lanƙwasa siraran filfilan soket yayin ɗora furosesa, domin wannan ɓarnar mai saye ce.

Ta fuskar aiki kuwa, ban ga abin da zai sa mu raina masu gyaranmu na gida ba. A nan kuɗin hannu da lokaci ake lissafa shi, kuma yana da tsada, shi ya sa da wuya a samu wanda zai zauna yana bin layukan allo da na'urar awo don ya gano ƙaramin abin da ya ƙone. Sabo kawai za a sa. Idan kuma ka ce a bar maka Windows ɗinka, shawarar da za ka ji ita ce dai wadda muka saba ji, wato a yi fomat a huta, kuma sau da yawa sai ka sa hannu a takarda cewa ba ruwansu da bayananka. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke yin aikin da kansu, kuma a ganina suna da gaskiya, domin Windows 10 da 11 suna iya gane sabon allo su ɗauko direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan su yi aiki, a kunnawar farko, saɓanin zamanin XP da Windows 7.

Shirin da ake yi kafin a kwance ko da kusa ɗaya shi ne ainihin aikin. Bayan an kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya, sai a duba BitLocker, kullen da Windows ke yi wa bayanan faifai, wanda yake kunne a kwamfutoci da yawa ba da sanin masu su ba. Mabuɗinsa yana ɗaure da TPM na tsohon allo, saboda haka da zarar an kunna sabon, sai shuɗin shafi ya bayyana yana neman lambobi 48, kuma wanda bai adana su ba ya rasa hanyar shiga bayanansa. A rubuta su, ko a dakatar da kullen tukuna. Lambar PIN ta shiga ma takan daina aiki saboda wannan dalili, don haka a tuna kalmar sirrin asusu. Haka kuma, idan tsohon faifan yana kan MBR, wato tsohon tsarin raba faifai, akwai umarnin mbr2gpt da Microsoft ya sanya tun 2017, wanda ke mayar da shi GPT, sabon tsarin da ke tafiya da UEFI, ba tare da goge komai ba. A cikin BIOS ɗin sabon allo kuma, wato shafin saitinsa da ake shiga kafin Windows ya tashi, a daidaita saitin ma'ajiya da na tsohon, AHCI ko RAID, in ba haka ba Windows zai kasa ganin faifan da yake zaune a kai.

Lasisi shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Microsoft yana ɗaukar sabon madabod tamkar sabuwar kwamfuta, don haka a haɗa lasisin da asusun Microsoft tun kafin sauyin, bayan an gama kuma a shiga sashen kunna lasisi a sanar cewa an sauya kayan ciki. Lasisin da aka saya daban yana bin mai shi, amma wanda ya zo da kwamfutar kamfani, tun daga Windows 8, mabuɗinsa a cikin tsohon allon yake. A Turai an halatta sayar da lasisin da aka yi amfani da shi bayan hukuncin Kotun Tarayyar Turai na 2012, sai dai kasuwar ta cika da mabuɗan da ba a san asalinsu ba, kuma ni ba na ba da shawarar saye daga wanda ba zai ba da rasit ba.

Masu amfani da Linux a maimakon Windows aikinsu ya fi sauƙi, tun da yawancin direbobi suna cikin tsarin, illa dai wani lokaci sai an sake girka GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, saboda bayanin inda za a tashi a cikin tsohon allon yake ajiye. Shi kuwa tsohon madabod, doka a nan ta hana jefa shi cikin sharar gida, sai dai a kai shi wurin tattara kayan lantarki na gari, inda ake karɓa kyauta.