Wane Mai Ya Kamata a Saya wa Mai Kirci?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Katsina, masu kemis kan cika da iyaye masu neman "maganin ƙaiƙayi". Kafin ku fitar da kuɗi, ku tabbatar kirci ne. Shi kan busar da fata ta yi kaushi, ya fi kama lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa da wuya, ga jarirai kuwa kumatu. A fatarmu ba lallai ya yi ja ba, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka. Idan kowa a ɗaki na susa da dare har tsakanin yatsu, a zargi ƙazuwa. Dabbare-dabbaren ƙirji da baya marasa ƙaiƙayi sosai kuma galibi ƙyasbi ne. Maganinsu daban.

Mafi yawan kuɗin ya tafi ga man shafawa, domin tushen ciwon fata ce da ta kasa riƙe danshi. Basilin fari marar ƙamshi shi ne zaɓinmu na farko a hunturu: ya fi arha, ya fi daɗewa a jiki, ba ya yi wa fatar da ta tsage zafi. Aibinsa maiƙo, ga shi a bazara yana riƙe gumi, to a lokacin sai a koma kirim mai kauri da rana, a bar basilin sai dare. Man kaɗanya zalla ma yana aiki, amma a fara gwada shi kwana biyu a ƙaramin wuri, don wasu masu sayarwa na zuba masa turare. Loshan mai ruwa-ruwa asarar kuɗi ne a wannan yanayi. Man zaitun fa? Mutane na girmama shi, sai dai wani bincike da aka yi a Ingila a 2013 ya nuna shafa shi kullum na raunana saman fata, don haka ba ma ba da shawararsa ga mai kirci.

Inda aka fi kuskure shi ne yawan man da ya kamata a shafa. Yaron da ciwon ya bazu a jikinsa na iya cinye giram 250 zuwa 500 a mako, ƙaramar roba ba za ta kai ko'ina ba. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti biyar zuwa goma, ban da soso, ban da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, shi ma sabulun salo yana busarwa. A tsane jiki ba tare da gurzawa ba, a shafa nan take, a bi kwanciyar gashi. A ɗiba da cokali mai tsabta, ba yatsa ba. Tufafin da suka sha basilin suna saurin kama wuta, a nisanta yaro da murhu da kaskon jin ɗumi.

Sai maganin da ke kwantar da ciwon idan ya tashi. A karanta sunan sinadarin a jikin kwali, a duba lambar NAFDAC. Hydrocortisone 1% shi ne mai sauƙi, shi ake sa wa fuska da yara na ƴan kwanaki. Betamethasone ya fi shi ƙarfi nesa, clobetasol kuwa na ƙarshe ne, waɗannan sai da likita. Ma'auni: abin da aka matso daga kan manuniyar babba zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram, ya isa faɗin tafin hannu biyu. Sau ɗaya ko biyu a rana, a kan ciwon kawai, da tazarar kamar rabin awa tsakaninsa da mai.

Wanda muke roƙon ku guje wa shi ne kirim mai haɗin uku, wanda ake miƙa wa kowa. Cikinsa akwai betamethasone ko clobetasol, da maganin makero, da neomycin mai kashe ƙwayoyin cuta. A kwana uku ƙaiƙayi zai lafa, shi ya sa ake yaba shi. Bayan watanni sai fata ta yi laushi fiye da kima, ta yi fari, ta yi nankarwa da ƙuraje, a daina kuma ciwon ya dawo da ƙarfi. Neomycin ɗin kansa na jawo wa wasu sabon ƙaiƙayi. Sa wa jariri shi a ƙarƙashin famfas ya fi muni, don jiki ya fi tsotsarsa a rufe.

Akwai ɓangaren da kemis ba ya sayar da maganinsa. Wani bincike na 2015 a ƙasashen Turai 13 ya gano ciwon damuwa a kashi 10 cikin 100 na masu ciwon fata, alhali a masu lafiya kashi 4 ne. Rashin barci da tashin hankali na tayar da ƙaiƙayi, susa ta ƙara ɓata fata, abin ya yi ta zagayawa. Tsawa ba ta hana yaro susa. A yanke masa farce, a ɗora tsumma mai sanyi, a kuma sanar da malaman boko da na Islamiyya cewa kirci ba ya yaɗuwa. Budurwar da tabo ya hana ta shiga biki a saurare ta, kada a bar ta ta faɗa wa man bilicin. Duhun kan washe da kansa cikin watanni idan ciwon ya kwanta.

In wurin ya fara ruwa da ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu zafi suka fito tare da zazzaɓi, ko an yi mako biyu ana shafawa babu sauƙi, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa, a tafi da duk kwalayen da aka riga aka gwada.