Shagon turi na kasuwar Maigatari: shirin camfin haihuwa na mutanen Ailan

Jama'a ranar Alhamis na shiga Maigatari, na biya wajen wani yaro mai turi a waya, nace ya samo min wani abu banda finafinan faɗa, sai ya tura min wani shiri da aka fassara da Hausa kan camfin mutanen ƙasar Ailan game da lokacin haihuwa. Naira 200 ya karɓa, kuma wallahi kuɗina sun fita.

Da daddare na kunna wa Innarmu tunda ungozoma ce. Wai a da can, duk jaririn da aka haifa ranar wani idin Kiristoci da ke zuwa mako 7 bayan Ista, wajen Mayu ko Yuni, sun ɗauka ƙarshensa ko ya yi kisa ko a kashe shi, to sai a sa masa tsutsa ko ƙwaro a tafin hannu a damƙe har abin da aka sa ɗin ya mutu, wai shikenan kisan ya faɗa kan tsutsar. Har ɗan doki in an haife shi ranar tsoronsa ake. Inna tace subhanallahi, wannan ai ɗora wa yaro laifi ne tun bai sha nono ba, mu dai iyakarmu suna, na damina Marka, na watan azumi Azumi. Amma da aka zo kan wanda aka haifa da riga, wai ba zai taɓa nutsewa a ruwa ba har masu aikin jirgin ruwa na sayen rigar, sai tayi shiru, can tace ai Mairiga kenan, ta karɓi irinsu da hannunta.

Abinda yafi taɓa ni, tsakanin 1937 da 1939 'yan firamare sama da 50,000 aka sa suka bi tsofaffinsu suna rubuta irin waɗannan abubuwa, kuma har yau rubuce-rubucen suna nan a ajiye a Dablin, babban birnin ƙasar.

Inda nake da ƙorafi, sautin baya fita sosai sai ka kara wayar a kunne, sannan mai fassarar yana yawan cusa barkwanci inda bai dace ba. Shi dai yaron yana da haƙuri, ya bari na gwada kafin in biya. Ku tafi da memori ɗinku, nashi akwai tsada.

Ni kam na fara ɗaukar muryar Inna a waya tun daren, jiya har ta bani labarin yankan cibi.