Madubin Hangen Nesa Na Naira Miliyan Huɗu, Ga Wanda Ba Kullum Yake Ɗauka Ba

Madubin hangen nesa mafi tsada da na taɓa ɗorawa a idona shi ne Swarovski NL Pure 8x42, wanda ya shigo kasuwa a 2020. Kuɗinsa a Turai da Amurka yana wajen dala 3,000. A kuɗinmu ya haura naira miliyan huɗu, wato abin da mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai tara a shekara biyar in bai taɓa ko kwabo ba. Ba nawa ba ne. Na wani malamin jami'a ne mai binciken tsuntsaye, abokin yayana, ya ba ni aro lokacin da makin jarrabawa ya ɗaure shi a ofis. Na riƙa fita da shi tare da nawa na matsakaicin farashi, shi ma 8x42, daga sahun da ake sayarwa tsakanin dala 250 zuwa 350, inda ake samun irin su Nikon Monarch da Vortex Diamondback.

Ni ba ma'abocin daji ba ne. Nawa yakan fito daga durowa ne lokacin hawan sallah, ko ranar duban jinjirin wata, ko in na kai yara bakin dam ɗin Kubanni a Samaru. Ga mutum irina, hukuncina shi ne mai tsadar ya fi kyau, babu ja, amma bai ci kuɗinsa ba. Dalilin kuwa ya fi alaƙa da sararin samaniyar Zariya fiye da gilashin kansa.

Lambobin nan biyu da ke jikin kowane madubi su ne mabuɗin zancen. Lamba 8 na nufin abin da ke nisan mita 800 zai bayyana tamkar yana mita 100. Lamba 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. In ka raba 42 da 8 za ka samu 5.25, shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka. To, da rana tsaka ƙofar ƙwayar idon mutum takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, sai cikin duhu take buɗewa ta kai kamar 7 ga matashi, ga dattijo kuma da ƙyar take wuce 5. Ke nan daga hantsi zuwa la'asar, madubin miliyan huɗu da na dubu ɗari huɗu duk suna zubo hasken da ya fi ƙarfin abin da ido zai karɓa. Rarar tana tafiya a banza.

Ba wai da rana babu bambanci ba. Akwai, kuma wanda ya fi burge ni shi ne faɗin gani. Na Malam yana ɗauko faɗin mita 159 a nisan mita 1,000, alhali yawancin na sahun nawa suna tsakanin 110 da 135. Kuma hotonsa tas yake tun daga tsakiya har gefe, nawa kuwa in ka kai ido gefe sai ka ga ya ɗan dushe. In shirwa ta gilma a farin sama, nawa yakan yi mata wani siririn zane mai ruwan shuni a gefen fiffike, na Malam bai yi. Haka in ka fuskanci ɓangaren da rana take, nawa yakan yi ɗan fari-fari, shi kuwa launinsa na nan daram. Duk gaskiya ne. Sai dai kafin na jera su biyun ban taɓa jin nawa ya rage ni da komai ba, kuma babban ɗana da na ba shi ya gwada sai cewa ya yi, "Baba, wannan dai ya fi nauyi." Bai yi ƙarya ba, gram 840 ne, nawa bai kai 700 ba.

Inda mai tsadar ke nuna shi wane ne shi ne bayan faɗuwar rana da kuma sanyin asuba. A bakin dam, lokacin da inuwa ta rufe tsallaken ruwa, da nawa ina ganin wani abu mai toka-toka tsaye cikin ciyawa, da nasa kuwa ina ganin zalɓe ne, har da baƙin zanen da ke kansa. Siririn rufin sinadari da ake shafa wa gilasansa yana barin kusan kashi 90 cikin 100 na haske ya wuce, kuma ba ya barin hasken ya watse a ciki. A nan ne miliyoyin suka tafi.

Amma a duba inda ake ƙera waɗannan kaya. Swarovski a yankin Tirol na Ostiriya yake, Zeiss da Leica kuma na Jamus ne. Ƙasashe ne da ke can daga wajen digiri 47 zuwa sama, arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke gangarawa a karkace, hasken yamma ya yi ta jan ƙafa. Maharbin barewa ko mai kallon tsuntsu a can yana da doguwar tazara tsakanin faɗuwar rana da duhu, a tsakiyar shekara ma takan yi kusan ninki biyu na tamu. Zariya kuwa tana wajen digiri 11 ne. Rana a nan faɗuwa take yi kai tsaye, minti ashirin da 'yan kai duhu ya fara kankama. Kuma waɗannan mintocin ai su ne lokacin sallar magariba. Ana kiran salla, wa zai tsaya bakin ruwa yana leƙen zalɓe? Da asuba ma haka, kafin ka fito masallaci ka kama hanya gari ya waye tangaran. Fifikon da aka biya kuɗi mai yawa dominsa yana faɗowa ne daidai lokacin da mu ba ma kallo.

Sai hazo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, akwai ranakun da Dutsen Kufena ke ɓacewa ɗungurungum, jirage ma su kasa sauka a filayen Arewa. Babu gilashin da ke huda ƙura. Abin da madubi zai yi maka shi ne ya kawo maka hazon kusa sau takwas. Hazo na wucewa zafin Maris da Afrilu ya shigo, ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kanta ta riƙa rawa, duk abin da ke nesa ya koma kawalwalniya. Shi ma wannan babu ruwansa da sunan kamfani. Lokacin da sararinmu ke wankuwa shi ne damina, in shamuwa ta dawo, musamman safiyar da aka kwana ana ruwa. A irin wannan safiya na ji daɗin na Malam ƙwarai, amma nawa ma bai ba ni kunya ba.

Duban wata na sa ran a nan zai yi mini fintinkau, tunda aikin magariba ne. Ya taimaka wajen lalubo inda jinjirin yake, amma nawa ma yana yi, don matsalar ba ƙarancin haske ba ce. Jinjirin daren farko yana can ƙasa-ƙasa ta yamma inda ƙura da gajimare suka fi taruwa, su ne ke ɓoye shi. Ko ka gani ko ba ka gani ba kuma, sanarwar Sarkin Musulmi za ka jira. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada a ɗaga madubi ta yamma sai rana ta gama faɗuwa, kuma kada a bar yaro da shi da rana ba mai kula. Kallon rana ta cikinsa na ɗan lokaci kaɗan yana iya ƙona ido har abada.

Hawan sallah kuwa nasa lissafin daban ne. In mahaya suka sako dawakai don jahi a ƙofar fadar Sarkin Zazzau, faɗin ganin nan yana da rana, don kana iya riƙe sahun gaba ɗaya ba tare da kana wainiya da kai ba. Adon lifidi da sulke da ɗinkin alkyabbar hakimai duk sun fito raɗau. Amma ƙurar kofato da hayaƙin 'yan bindiga ba su bar kowa ba, kuma a turmutsutsun hawan bariki ko na daushe, hankalina rabi yana kan dawakai rabi yana kan abin da ke rataye a wuyana. Kayan aro ne, ga 'yan sane, ga ture-ture. Nawa nakan miƙa wa na kusa da ni in ya ce "Alhaji, ɗan san mini in gani," na Malam kuwa ko ƙanena ban ba shi ba.

Kada wannan ya sa wani ya ce to bari ya sayi na arha kawai. Tazarar da ke tsakanin na banza da na matsakaici ta fi wadda ke tsakanin na matsakaici da na alfarma nesa ba kusa ba. Ina nufin waɗannan da ake shimfiɗawa a kasuwa ko ake talla a Facebook, masu jan gilashi, an rubuta musu 60x60 ko a ce suna gani da dare. An taɓa kawo wa yarana irinsa tsaraba. Lambar ƙarya ce, kuma da ma gaskiya ce da babu mai iya amfani da shi, don duk abin da ya wuce ninki 10 ko 12 rawar hannu ba za ta bari hoto ya tsaya ba. Jan fentin nan ado ne da ke mayar da komai kore-kore. Babbar illarsu ita ce bututun biyu ba sa kallon wuri guda, sai ido ya yi ta kokawar haɗa hoto biyu, cikin 'yan mintoci kai ya ɗau ciwo. Ba a kuma rufe su ruf ba, ƙurar hunturu ta shige, danshin Agusta ya biyo baya, funfuna ta yi saƙa a cikin gilashi. Na matsakaicin kirki ana cika cikinsa da iskar naitirojin a toshe, kamar yadda ake yi wa masu tsada, kuma wannan toshewar ita ce abin da mutumin Zariya ya fi buƙata.

Wani abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba shi ne ba ko'ina ake ɗaga madubi a garin nan ba. Zariya garin sojoji ne, ga Depot ga barikin Basawa, ga filin jirgin kwalejin koyon tuƙi a Palladan. A halin tsaron da ake ciki, baƙon fuska da madubi a bakin ƙauye yana iya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so ba. In zan fita bayan gari nakan fara gaida mai unguwa ko masu gonakin wurin, in ba su su leƙa su ga abin da nake kallo. Cikin gari kuma, mai bene ya san tsakar gidan maƙwabta ba wurin kallo ba ne. In ka cire duk waɗannan wurare, damar amfani da shi ta ƙara raguwa, kuɗin kowace fita kuma ya ƙara hawa.

Na tambayi mai shi, na ce, "Malam, kai ba ka jin zafin kuɗin nan?" Ya yi dariya ya ce ni ina kallo ne, shi aiki yake yi. Yakan wuni a fadamun Haɗeja da Nguru yana ƙidayar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai, waɗansu ƙanana ne masu ruwan ƙasa da ɗan zane a gira ne kawai ke bambanta su. Wanda zai yi awa shida ido na cikin gilashi, 'yar dushewar gefen da ni ban damu da ita ba ita ce ciwon kansa da dare. A wurinsa kayan sana'a ne, kuma zai yi shekaru yana mora. Haka wanda Allah ya hore wa kuma yake so don sha'awa, ba ni da ta cewa. Mu Zazzagawa mun san mai ciyar da doki wata goma sha biyu saboda hawan 'yan kwanaki, ba wanda ya ce masa ya yi wauta. A dai kira abin da sunansa, sha'awa ce.

Garantin da manyan kamfanoni ke bayarwa yana da tsawo, sai dai gyaran a can ƙasashensu ake yi, aikawa da dawowa kuma wani kuɗin ne da wata fargabar. Shi ya sa kulawa ta fi muhimmanci. Ƙurarmu tana da yashi, in ka goge gilashi da gefen riga ka kankare rufin da ka saya da tsada. A fara hure ƙurar, a share da burushi mai laushi, sannan a sa ƙyallen goge tabarau. Kada a bar shi cikin mota a rana. Mai sa tabarau kuma ya nemi wanda tazarar idonsa, wato nisan da ido zai iya tsayawa daga gilashin ya ga cikakken hoto, ta kai milimita 15 ko fiye, in ba haka ba rabin hoton zai riƙa gani. Abin da ya fi ƙara wa nawa kyau kuwa kyauta ne: jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota. Da haka nake ganin ramukan da ke fuskar wata, da taurarin kaza da 'ya'yanta da yawa fiye da waɗanda ido ke ƙirgawa, har da watannin nan huɗu na duniyar Mushtari (Jupiter) da Galileo ya hango a 1610.

Ko dala 300 ɗin ma ai ba ƙaramin kuɗi ba ne yanzu, don haka na hannu ba laifi ba ne in za a gwada kafin a biya. Riƙe shi nesa da fuska ka fuskanci sama: ɗigon hasken da ke gilashin ido ya zama zagayayye, ba mai kusurwa ba. Juya shi ka haska cikinsa da fitilar waya ta gilashin gaba, ka duba ƙura ko zaren funfuna. Sannan ka saita shi a kan wayar lantarki mai nisa, ka riƙa janye shi daga idonka a hankali. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, mayar wa mai shi ko nawa ya rage maka.