Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo 6: ƙarfinta da rauninta

Wuta ba ta zama sai a kan abu uku, kamar duwatsun murhu: abin da za ta ci, zafin da zai kunna shi, da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A janye ɗaya, ta mutu. Da wannan ma'auni ya kamata a auna jar tukunyar nan mai rubutun ABC da ake ratayewa a shagunan Kantin Kwari da Sabon Gari.

Hodar cikinta tana danne harshen wuta, ta lulluɓe abin da ke ci, ta raba shi da iska. A kan fetur ɗin da ya malale a gefen janareto, ko soket da ya kama, aikinta yana da kyau ƙwarai. Ruwa a nan ɓarna ne: fetur yana hawa kansa ya bazu, lantarki kuma ya bi shi ya ja mutum.

Rauninta shi ne ba ta sanyaya komai, kuma wannan babban abu ne ga mai sayar da yadi. Dilar atamfa za ta yi fari fat da hoda, a ɗauka an gama, alhali cikinta garwashi ne. Iskar hunturu na ratsawa, sai ta sake tashi. Dole a kashe lantarki, a fitar da dilar waje, a warware ta, a jiƙa ta sharkaf.

Kilo 6 kuwa ba ya wuce daƙiƙa 20 ana fesawa, sai ya ƙare. Ka zare fil, ka tsaya kamar taku uku daga wutar, ƙofa na bayanka, ka saita tiyo a gindinta, ba a hayaƙi ba, ka matse kana sharewa dama da hagu.

Kafin ka biya, Alhaji, duba allurar geji, lallai ta tsaya a kan kore. Hodar tana dunƙulewa idan ta daɗe a ajiye, don haka a riƙa kifa tukunyar ana girgizawa duk wata. Ko sau ɗaya aka ɗan fesa, a kai ta ciko, domin hoda na maƙalewa a bakin bawul, iskar da ke tura hodar ta tsiyaye a hankali.

Ga shagon yadi da ɗakin janareto, ta cancanci kuɗinta. Masu wayoyi da kwamfuta a Farm Centre kuwa gara su nemi mai iskar CO2, don hodar nan tana shiga lungun na'ura ta lalata ta. Ita mai CO2 ba ta da geji, a sikeli ake gane ko ta rage.